Ranar da Iya Ta Cika Mini Awo

Shekaranjiya ina zaune a ƙofar gida ina jin ku, ke Zainabu da ƙawayenki masu sayar da gato, wato kek, ta waya. Ɗaya ta ce giram ɗari biyu da hamsin na kirim ɗin madara kofi nawa ne, ɗaya ta latsa waya ta ce kofi ɗaya ne, kuka tafa kuka ce ai shi ke nan. Shi ke nan fa! Shekara arba'in da ɗoriya na yi a wannan sana'a, ashe da na ɗan yi haƙuri da waya ta hutar da ni. To kofin wa? Na mai shayin bakin titi, ko na silbar da kakarki ke shan koko da shi, wanda ya lotse tun ba a haifi ubanki ba? Kirim ɗin kuma wane iri, mai ruwa ko mai kauri, an buga shi ko ba a buga ba? Ba ku tambaya ba, ita ma wayar ba ta tambaye ku ba. Ku matso in ba ku labari, in na gama ku koma ku ci gaba da cewa Baba Iliya ya tsufa ya fara surutu.

Aikin farko da aka ba ni a kicin shi ne kankare tukunyar da madara ta kama a gindinta. Wanda ya ba ni aikin Baba Hamadjoda ne, wani dogon Bafillace mutumin Ngawundare, kukun wasu Faransawa a can unguwar manya ta tudun Bastos. Ni kuwa ɗan nan unguwar Birik ne ta Yawunde, nan aka yanke mini cibiya, kakana ne ya zo daga Kano da fataucin goro bai koma ba. Shekara biyu ina kankara da wanke-wanke da ferar dankali, ban taɓa sikeli ba ko da yatsa. Sikelin nan yana kan kanta shi kaɗai, faranti biyu na tagulla, da duwatsunsa a jere cikin akwatin katako, daga na kilo har zuwa wani ɗan mitsitsi kamar ƙwayar wake. In Baba Hamadjoda zai ɗauke shi sai ya goge hannu sau biyu. Ya fi ji da shi a kan 'ya'yan Madam, matar maigidan, kuma da gaskiyarsa, don sikelin bai taɓa yi masa rashin kunya ba.

Ranar da ya fara koya mini kirim, kwano uku ya jera a gabana iri ɗaya, duk a cike. Ya ce in faɗa masa wanne ya fi nauyi. Na ce, "Baba, ai duk ɗaya ne, tunda kwanon ɗaya ne." Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Idonka biyu manya-manya, kanka kuwa babu komai." Ya ɗora su a sikeli ɗaya bayan ɗaya. Na farko mai ruwa ne, nauyinsa kusan na ruwan sha, saura ƙiris. Na biyu mai kauri ne, irin wanda ke barin ramukan iska in an zuba shi, ya kuma manne a jikin kwano ya ƙi fita duka. Na uku an buga shi da maburgi ya tashi fari fat har ya yi tozo, amma rabin na farko ya auna. Rabi! Sauran duk iska ce. Na tsaya baki buɗe, ya ce in rufe kada ƙuda ya faɗa.

A wurinsa na koyi lulluɓin shokola, wanda ake narkar da shokola, wato cakulan, cikin kirim mai zafi a malala a kan gato ya daskare yana sheƙi. Littafin Madam cewa ya yi nauyin shokola daidai da nauyin kirim. Baba Hamadjoda ya ce wanda ya rubuta littafin bai taɓa zuwa Yawunde da azahar ba. A garin nan shokola kashi biyu, kirim kashi ɗaya, in ka ƙara kirim ko da yaya ne, lulluɓin zai tsaya maka cikin sanyi ya yi ta yi maka murmushi, rana na taɓa shi ya zame. Abu na ƙarshe da ya dinga nanata mini shi ne, duk abin da ka auna ka juya masa baya, sake auna shi. Na ce to, kamar yadda ku ma kuke ce mini to.

Da ƙafafunsa suka gaza ya koma garinsu, kicin ɗin ya dawo hannuna. Shekara goma sha huɗu ina ciyar da mutanen da ke cin abinci da cokula biyar. Na ga Bature ya ci gatona ya lumshe ido ya ce ya tuna uwarsa. Na ga matar wani babban ma'aikaci, 'yar ƙasar nan, ta cusa yanka uku cikin jakar hannu ta kuma fita tana yatsina wai sukari ya yi yawa. Kowace Juma'a in sauko Birik da farar riga da kwalin ragowar gato, yara na bina a baya. Mutum ɗaya ne duk wannan bai burge shi ba, wana Yaya Garba, mai shagon kayan mota a can garin Garwa. Shi bai taɓa kirana da sunana ba in muna cikin mutane, sai dai boyin Nasara.

Sai kiriz ta zo, wato karyewar tattalin arziki. Ku ba ku san ta ba, labarinta kuke ji kamar tatsuniya. Aka yanke albashin ma'aikata, aka sake yankewa, sannan aka wayi gari an karya darajar kuɗinmu sefa, duk abin da ke zuwa ta jirgin ruwa ya ninka kuɗi. Mutumin da jiya ke ɗaure wuya ya shiga ofis, yau ga shi a kasuwar Mokolo ya shimfiɗa takalman gwanjo a ƙasa yana ɓoye fuska. Turawa suka fara tattara komatsai. Madam ta kira ni ta yi kuka sharɓe-sharɓe, ta ce ni ɗan gida ne, ta ba ni takardar yabo mai hatimi, da tsofaffin faranti shida, da kwanon da karenta ke ci. Sikelin kuwa ta naɗe shi da tawul a gabana ta sa cikin akwati. Wai na kakarta ne. Na ce Allah ya kiyaye hanya, a raina kuwa abin da na faɗa ba na gaban yara ba ne.

Na dawo gida da mata da 'ya'ya huɗu da mahaifiyata, ba aiki. Na yanka wata gangar ƙarfe gida biyu, na zuba yashi a gindinta, gawayi a ƙasa gawayi a kan murfi, ta zama tanda. Na ce zan yi gato na suna da biki a nan cikin unguwa. Matsalar ita ce duk abin da ke kaina da giram yake, ga shi babu sikeli. Sai na yi irin wayon da kuke yi. Na ɗauki gwangwanin madara mai sukari, na ga an rubuta a jikinsa kusan giram ɗari huɗu, na ce alhamdu lillahi ga ma'auni kyauta. Na cika shi da kirim na ce ɗari huɗu ne. Lulluɓin ya fito kamar kwalta, wuƙa ta ƙi shiga, maijego ta aiko a tambaye ni ko da guduma ake cinsa. Madara mai sukari ta fi kirim nauyi nesa ba kusa ba, gwangwanin da ya ɗauki ɗari huɗunta ɗari uku kawai yake ɗauka na kirim. Ni da na san wannan tun ina saurayi, yunwa ta sa na manta.

Na ɗauki kirim a kwano na tafi Mokolo wurin mahauta a auna mini. Sikeli uku, nauyi uku, kowane mahauci kuma ya rantse nasa ne na gaskiya. Na dawo rai a ɓace, sai na tarar da matata Habiba tana ba autarmu madara a bibiro. Na tsura wa kwalbar ido. Ga layuka a jiki, daga hamsin har ɗari biyu da hamsin, masu yin ta kuma ba su da nama da za su sayar balle su yi ƙarya. Na ƙwace ta daga bakin yarinya tana tsala ihu. Kirim mai ruwa, in ya ɗan haura layin ƙarshe da ƙaramin cokali, giram ɗari biyu da hamsin ke nan. Na juye cikin gwangwanin, na ɗauki ƙusa na ja layi a ciki daidai inda ya tsaya, yatsa biyu ƙasa da baki. Kukun da ya ciyar da manyan baƙi, ga shi da kwalbar jarirai yana ƙifta ido yana neman layi. Amma tun daga ranar gatona bai sake yin kwalta ba.

Kirim kuwa na kwali ya fi ƙarfin kowa, sai na koma wurin Dada Hawwa, wata Bafillata da ke zaune katanga ɗaya da mu. 'Yan'uwanta ne ke aiko mata da madara ta jirgin ƙasa daga Adamawa, ta kwashe saman ta sayar da ludayi. Kayanta na da kyau, sai dai sai ka sa ido, don in ta ɗan kaɗa shi kafin ka zo, ludayi zai cika da rabin kaya. Ba na ganin laifinta, lokacin kowa iska yake sayar wa ɗan'uwansa. Masu saye ma ba su bar ni na huta ba. Mace za ta zo da ƙwai huɗu da gari kofi biyu ta ce tana son gaton mutum sittin, mai hawa biyu, irin wanda ta gani a tagar kanti a cikin gari. In ka ce ba zai yiwu ba ta ce ai an ce kai gwani ne.

Haka muka yi ta lallaɓawa, yau a samu gobe a rasa. Ana nan Yaya Garba ya aiko da saƙo ta bakin wani direba, ba ma a takarda ba, don kowa ya ji. Ya ce in wasan 'yan mata da gari ya ishe ni, in tattaro iyali in zo Garwa, akwai ɗaki a bayan shago, zan riƙa share masa waje ina miƙo wa masu saye kaya. Na san abin da wannan ɗakin yake nufi. Na ce da Habiba, ko zan ci ƙasa ba zan je ba. Ta ce, "Kai ka iya cin ƙasa, yara fa?" Muka yi da ita cewa in damina ta wuce sana'ar ba ta tsaya da ƙafarta ba, za mu tafi.

Ana cikin haka Hajiya Mairo ta aiko kirana. Matar Alhaji Tanko mai yadi ce, kuma ita ce uwar adashin matan unguwar nan, tun daga Birik har unguwannin Madagaskar da Messa. Abin da ta yaba kowa sai ya saya, abin da ta taɓe wa baki ya mutu murus. 'Yarta ta gama karatu za ta auri wani likita, ta ce gato take so mai hawa uku da lulluɓin shokola. Hajiya ta sa aka dire mini shokola kilo uku da kirim na kwali, ta ce, "Malam Iliya, kayana na saya da kaina, don zamanin nan ko ɗan cikinka ka aika sai ya rage. Na ji an ce kai ka yi wa Turawa aiki. To mu ma muna da baki." Na ce, "Hajiya, in Allah ya so za ki ga aiki." Na fito ina jin kamar an ce mini ga Makka. In wannan gato ya tsaya, Garwa ta sha ruwa.

Yanzu sai in gaya muku wace ce Iya, mahaifiyata, don ku hotonta kawai kuka sani. Shekara arba'in ta yi tana awon hatsi a Mokolo. Mudunta ba ya sauka sai ya yi tozo yana zuba, sannan ta ɗebo da hannu ta ƙara gyara, ko da mai sayen maƙiyinta ne. Ba ta yi karatu mai zurfi ba, amma wa'azi ɗaya ta riƙe gam, cewa mai tauye mudu makomarsa wuta. A wurinta duniya kashi biyu ce, masu cika awo da 'yan wuta. Lokacin da nake ba ku labari ta daina zuwa kasuwa, tana zaune a tsakar gida kan tabarma da carbinta, amma babu abin da ke wuce idonta.

Ranar Juma'a da hantsi na gama gasa hawa ukun, suka fito lafiya. Na ɗauko wata faffaɗar tukunya da na aro, na fara awon kirim. Shokola kilo uku, kirim kilo ɗaya da rabi, wato gwangwani shida zuwa layin ƙusa. Kwalayen Hajiya suka ƙare daidai a na shida, har na yi hamdala. Ina cikin zubawa Iya ta yi gyaran murya.

"Iliya, gwangwanin nan bai cika ba."

"Haka ake yi, Iya, akwai layi a ciki."

"Layi? Wa ya ja shi?"

"Ni na ja."

Ta ce, "Uhm," ta ci gaba da jan carbi. Ni kuwa na ji an fara kiran salla, na rufe tukunya na sa ta cikin baho da ƙanƙara, na zura riga na tafi masallaci. Da na tsaya minti biyu na yi mata bayani da ba haka ba, amma ina, gwani ba ya tsayawa yi wa tsohuwa bayani.

Na dawo na ɗora tukunya a wuta ban sake aunawa ba. Tukunya mai faɗi, ko an ƙara yatsa guda ba za ka gani ba sai ka nema, ni kuma ban nema ba. Na juye a kan shokola na gauraya. Na ga ya ɗan fi sheƙi, ya ɗan fi gudu, na ce shokolar Hajiya ce mai kyau. Na lulluɓe hawa uku, na jera su cikin akwatin katako na zagaye da ƙanƙara. Kafin la'asar ya daskare sumul, kana ganin fuskarka a jiki. Habiba ta leƙa ta yi guɗa. Iya ma ta taso da sandarta ta duba, ta ce, "Ka gani ko? Albarka ke nan." Na ɗauka addu'a take yi mini.

Asabar da azahar aka kafa rumfa a ƙofar gidan Alhaji Tanko, aka tare titi da benci. Mata sun fi ɗari biyu, leshi da shadda da turare har da na hawa kai. Aka ɗora gatona a kan tebur a tsakiya, inda rana ke ratsowa ta tsakanin tamfol biyu. Da na ɗage murfin wurin ya ɗauki salati. Hajiya Mairo ta zagaya shi sau biyu ta ce kada a yanka sai dangin ango sun iso. Dangin ango kuwa kun san su, agogonsu daban ne. Ina tsaye a gefe da farar rigata ina karɓar gaisuwa, har wata ta fara tambayata ko ina da sarari wata mai zuwa.

Bayan kamar rabin awa na ga gefen hawan sama ya yi wani irin laushi. Na ce idona ne. Sai ga ɗigo ɗaya ya gangaro, na biyu ya bi shi. Kafin in ratsa cikin mata in isa, lulluɓin ya taho gaba ɗaya kamar zanen da ba a ɗaura da kyau ba, hawan sama ya sulale ya jingina, shokola ta malale tebur ta sauka a kan farin leshin Hajiya, daidai lokacin da motar dangin ango ta tsaya. Wata yarinya ta ƙyalƙyale da dariya, uwarta ta make ta, ita ma uwar tana danne tata.

Hajiya Mairo ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi mini. Ta dubi leshinta, ta dube ni, ta ɗaga murya yadda na ƙarshen benci zai ji. "Malam Iliya, kirim ɗin da na ba ka nawa ka sayar, nawa ka cika da ruwa?" Na ce, "Hajiya, wallahi ko ɗigo ban taɓa ba." Ta ce, "To shi gaton ne ya yi gumi?" Aka kwashe da dariya. A shekarun nan kowa ya san ana tsarma madara da ruwa, ana haɗa gari da rogo, don haka babu wanda ya yi shakka. Ni kuma kaina ya ɗaure tamau, na san gwangwani shida na auna, na kasa gane ta inda aka hau ni.

Sai na ji ƙarar sanda a ƙasa. Iya ce ta miƙe daga cikin tsofaffi a fusace.

"Mairo, ki iya bakinki! Ɗana bai zuba ruwa ba, a gabana aka yi komai. Abin da ya yi dai, ya so ya tauye miki awo, gwangwani shida duk bai cika ko ɗaya ba. Yana fita masallaci na shiga wurin Hawwa na sayo da kuɗina, na cike miki shidan nan har baki, na ƙara gyara ludayi biyu, ɗaya na amarya ɗaya na ango. Kayanki sun cika har sun yi yawa. In gato ya zube, daga Allah ne, amma haƙƙinki babu shi a wuyan ɗana."

Ta tsaya tana haki, kai a sama, tana jiran a ce mata sannu. Nan take na gane komai. Hajiya ta juyo ta ce, "Malam Iliya, haka ne? Ka tauye?"

To ku masu saurin amsa, ga tambaya. Magana uku ce za ta wanke ni. In ce awona daidai yake, layin nan shi ne ƙa'ida, tsohuwa ce ta zuba abin da ba ta sani ba ta ɓata aikin. Akwai matan ma'aikata a wurin da suka san girkin zamani, da sun gaskata ni, da Hajiya ta ce a yi wa tsufa uzuri, da sana'ata ta tsira. Amma da an yi wa Iya dariyar da aka yi mini, a gaban mata ɗari biyu, a kan abu ɗaya tak da take taƙama da shi a duniya. Da har ta mutu ana nuna ta ana cewa ga wadda ta narkar da gaton 'yar Hajiya. Na dube ta, tana kallona irin kallon wanda ya tsamo ɗansa daga rijiya. Raina ya ɓaci da ita ƙwarai, ban taɓa jin haushin mutum kamar na ranar ba, kuma tausayinta ya hana ni faɗin gaskiya.

Na ce, "Yadda Iya ta faɗa haka ne. A yi haƙuri, Hajiya."

Na cire farar rigar na naɗe, na kama hannun Iya muka ratsa mata muka fita. A hanya tana ta yi mini faɗa, wai zaman gidan Nasara ya koya mini ƙeta, in gode wa Allah da ta gani da wuri. Na ce na gode. Habiba kaɗai na gaya wa gaskiya, ta yi kuka ta ce za ta je ta faɗa wa Hajiya, na ce in ta je kada ta dawo ta same ni.

Kafin mako ya zagayo sunana ya koma Iliya Tauye. Wadda ta tambaye ni wata mai zuwa ta aiko cewa an ɗaga bikin, alhali ina jin kiɗansa daga ɗakina. Ko gaton suna ba a sake kawo mini ba. Damina na wucewa muka hau jirgi, Iya ta zauna wurin ƙanwata don ta ce ita ba ta iya zafin Garwa. Shekara huɗu na yi a ɗakin bayan shago ina shara, ina miƙo kusoshi da bel, Yaya Garba na ce wa abokansa, "Ga kukunmu, ku tambaye shi yadda ake narkar da gato." Sai da wani otal ya buɗe a nan Yawunde, suna neman wanda ya san aiki ba su damu da sunan da unguwa ta sa masa ba, sannan na dawo.

Na tarar da Iya ta kwanta, ido ya tafi, sai kunne. Ƙanwata ta ce duk wanda ya zo gaishe ta sai ta ba shi labarin ranar da ta hana ɗanta shiga wuta. Na durƙusa a bakin gadon na gaishe ta. Ta laluba ta kama hannuna, ta daɗe tana murza shi.

"Iliya, an ce ka koma aikin gato."

"Na koma, Iya."

"Yanzu kana cika awo?"

"Ina cikawa, Iya."

"Har da gyara?"

"Har da gyara."

Ta saki ajiyar zuciya ta ce, "To yanzu na huta." Ba ta ga ƙarshen watan ba.